CIN TUDU BIYU A HANYAR SHANU: A KIRA KOWA DA SUNANSA

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal wanda abincinsa ya rataya a kan nama, ko mahauci ne shi, ko mai tsire, ko dillali a kara, ya san cewa farashin da zai tarar a ƙarshen mako tun ranar Laraba aka fara yanke shi a Kasuwar Shanu ta Potiskum cikin Jihar Yobe. Wannan kasuwa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma baki ɗaya. Ana kawo mata shanu daga Borno da Bauchi da Jigawa, har daga Nijar da Chadi da Kamaru, kuma daga bakinta tireloli ke ɗaukar hanyar Bauchi da Jos da Lafiya da Makurɗi zuwa Inugu da Fatakwal, wasu kuwa su bi ta Jebba da Ilori su sauka Badun da Ikko.

Abin da ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya shi ne, makiyayin da ya sayar da sansa a Potiskum yana kuka an saye shi da araha, mahaucin da ya yanka shi a Agege yana kuka ya saye shi da tsada, ita kuma uwargida mai cefane tana zagin mahaucin. Tsakanin waɗannan koke-koke akwai kuɗi masu ɗimbin yawa da ke zubewa a hanya. Wani kashi na man mota ne da ladan direba da hakkin falke, wannan ba mai jayayya da shi. Amma akwai wani kashi da ake karɓa da sunan hukuma, a ƙofar kasuwa da bakin shinge da ƙofar kara, wanda mai biya bai san aljihun da yake faɗawa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

YAREN 'YAN KASUWA DA YAREN TAKARDA

Masu sana'ar shanu sun daɗe da warware matsalar da ta gagari masu biro. Mahauci a Agege yakan ɗaga waya ya ce wa dillalinsa na Potiskum yana son bijimai goma ƙosassu, Bunaji ko Bokoloji, ban da Rahaji, kuma abin da ya faɗa shi za a loda masa. Bafulatani da Babarbare da Bakarkare da Bahaushe duk sun yarda da abin da ake nufi da maraƙi da karsana da bijimi, sun yarda da abin da ake nufi da la'ada, sun san wane ne fatoma, sun san kowane dillali a gindin wa yake tsaye. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960, ya nuna a littafinsa na 1969 cewa ana sayar wa mahautan Yarbawa shanu bashi, kuma cinikin ya tsaya da ƙafarsa ne don mai gida ya ɗauki lamuni, kuma an san kowane dillali da ubangidansa, an san kowane mahauci da halinsa. Watau dai amanar da ta riƙe wannan sana'a tun zamanin kora shanu a ƙasa ita ce sanin wane ne wane, da kiran abu ɗaya da suna ɗaya.

To, a juya a dubi takardun hukuma. Direban da ya taso daga Potiskum, kafin ya isa Lokpanta cikin Jihar Abiya, aljihun motarsa ya cika da rasit kala-kala. Wani an rubuta kuɗin lodi, wani kuɗin duba lafiyar dabba, wani kuɗin amfanin gona, wani kuɗin tsabtace muhalli, wani kuɗin sitika, wani kuma ba rasit ma, sai sanda mai ƙusoshi a gaban taya. Kuɗi iri ɗaya ne ake sake masa riga daga wannan jiha zuwa waccan, don kada a ce an karɓa sau biyu. Shi kansa Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran haraji da Shugaba Tinubu ya kafa a 2023, ya sha faɗi cewa harajin da ake karɓa bisa hukuma a ƙasar nan ya haura iri 60, wanda ba na hukuma ba kuwa ya haura 200. Alhali kuwa tun 1998 aka yi doka wadda ta jera irin harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Dokar ta zauna a littafi, shingen ya zauna a kan titi.

Kada wani ya ɗauka wannan ruɗani ganganci ne kawai ko rashin iya aiki. Ruwa ba ya tsami banza. Inda suna ya yi yawa lissafi ba ya yiwuwa, inda kuwa lissafi bai yiwu ba, a nan mai cin tudu biyu yake yin ƙiba.

WANE NE MAI CIN TUDU BIYU?

Mai cin tudu biyu shi ne wanda jama'a suka damƙa wa amana, ya kuma kafa kasuwancinsa a kan wannan amanar, ta yadda duk hukuncin da zai yanke a ofis aljihunsa ne farkon mai jin daɗinsa. A ɗauki misali ba tare da an nuna kowa da yatsa ba. Mutum yana cikin masu yanke yawan kuɗin da za a karɓa a kan kowace tirela. Kamfanin da aka ba kwangilar karɓar kuɗin na ƙanin matarsa ne a takarda, nasa ne a zahiri. Yana kuma da tireloli biyar a hanya waɗanda ba a taɓa tsayar da su a shinge ba. Idan fatake suka kai kuka, shi ne zai zauna a kujerar sasantawa. Shi ne mai kiɗa, shi ne mai rawa, shi ne kuma mai karɓar liƙi. Ƙaramin falke mai shanu takwas da ya haɗa lodi da 'yan'uwansa, ta yaya zai yi gogayya da wannan?

Kowa a kasuwa yana iya sanin wannan labari, amma sani a bakin rumfa dabam, hujja a gaban alƙali dabam. Abin da ke hana hujja tsayuwa shi ne takardun ba sa jin yaren juna. A takardar albashi sunansa Muhammadu, a rajistar kamfani Mohammed, a takardar mota Mamman, a kasuwa kuwa da laƙabi aka san shi. Wani ofis ya rubuta shi a matsayin darekta, wani ya ce wakili, wani ya ce mai ba da shawara. Rajistar kamfani tana wajen Hukumar Rajistar Kamfanoni, takardar bayyana kadara tana wajen Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kwangila tana ma'aikatar jiha, rasit yana sakatariyar ƙaramar hukuma. Kowace takarda ita kaɗai ba ta da laifi. Sai an jera su gefe da gefe sannan biri zai yi kama da mutum, kuma ba za su jeru ba sai an rubuta su da ƙamus ɗaya.

Tsarin Mulkin 1999 bai yi shiru a kan wannan ba. Jadawali na Biyar, sakin layi na farko, ya hana ma'aikacin gwamnati sa kansa a inda muradinsa zai ci karo da aikinsa. Sakin layi na biyu ya hana mai aikin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, sai dai noma. Wannan hukunci ya hau kan gwamna da kwamishina, ya hau kan shugaban ƙaramar hukuma da kansila da ma'aikatansu. To, a nan ma kalma ce ƙofar ɓarawo. Mai kiwon shanu a gonarsa manomi ne, ba mai musu. Mai sayen shanu tirela-tirela a Potiskum yana sayarwa a Badun kuwa falke ne, ko da ya ajiye su mako guda a garke don a kira shi manomi. Muddin ba a rubuta iyakar kowace kalma ba, kowa zai fake a bayan wadda ta yi masa daɗi.

Haka kuma Tsarin Mulkin ya wajabta wa ma'aikaci bayyana kadararsa lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka, ya kuma ce ɗan ƙasa yana iya duba takardun bisa ƙa'idar da Majalisar Tarayya za ta tsara. Shekara fiye da 20 ta wuce Majalisar ba ta tsara ba, har a 2020 wata Babbar Kotun Tarayya a Ikko ta ƙi tilasta wa hukumar ta saki takardun manyan ƙasa saboda wannan dalili. An ba kura ajiyar nama, an kuma ba ta makullin ɗakin.

DARASIN RIJIYAR MAI

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna da rijiyar mai da ake kira OPL 245. A watan Afrilu na 1998, zamanin Janar Sani Abacha, Ministan Mai Dan Etete ya ba wani kamfani mai suna Malabu wannan rijiya, kamfanin da aka yi wa rajista kwanaki kaɗan kafin nan. Sunan ministan bai fito a takardar kamfanin ba. Sai a 2013 wata kotu a Landan ta tabbatar cewa yana da babban rabo a cikinsa. Kafin nan, a 2011, an riga an biya dala biliyan 1.1 a kan rijiyar, aka kuma shafe shekaru ana shari'a, har kotun Milan ta Italiya ta wanke kamfanonin Shell da Eni a 2021. Da a ce tun ran farko akwai layi guda a takarda da ke tambayar wane ne ainihin mai cin moriyar kamfanin, kuma kowa yana iya dubawa, da wuya abin ya yi wannan nisa. Takardun Panama na 2016 da na Pandora na 2021 sun sake nuna yadda manyan duniya, har da na Nijeriya, suke ɓoye dukiya a bayan sunayen aro.

Irin wannan kunya ce ta sa Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron yaƙi da rashawa na Landan a watan Mayu na 2016 cewa Nijeriya za ta buɗe rajistar ainihin masu kamfanoni. Hukumar NEITI ta fara da kamfanonin mai da ma'adinai a Disamba 2019. Sabuwar dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin 100 na kamfani ko fiye, ko wanda ke juya akalarsa ta bayan fage. A watan Mayu na 2023 Hukumar Rajistar Kamfanoni ta buɗe rajistar ga jama'a a intanet, kuma an gina ta a kan wani ma'auni na duniya da ƙungiyar Open Ownership ta tsara. Ma'aunin nan ba wani tsafi ba ne. Yarjejeniya ce cewa a ko'ina za a rubuta abu uku a gurbi iri ɗaya: wane ne mutumin, wane ne kamfanin, mece ce alaƙarsu kuma daga yaushe zuwa yaushe. Akwai irinsa na kwangiloli, wanda ke ba kowace kwangila lamba guda tun daga tallarta har biyan kuɗinta, kuma wata ƙungiya a Abuja ta gina dandali a kansa ta raɗa masa sunan Hausa, Budeshi. Idan aka haɗa waɗannan biyu, kwamfuta tana iya nuna cikin ƙiftawar ido cewa mai kamfanin da ya ci kwangila shi ne mai zama a kwamitin da ya ba da ita.

To, in har an iya yi wa rijiyar mai wannan gata, me ya hana a yi wa saniya? Mai yana tsakiyar teku, talaka bai taɓa ganin rijiyarsa ba. Saniya kuwa ita ce bankin makiyayi, ita ce jarin falke, ita ce kuɗin hayar ɗakin mai tsire a Obalende.

ABIN DA YA WAJABA A YI

Na farko, kowane kuɗi da ake karɓa a kan dabba, tun daga ƙofar Kasuwar Potiskum har zuwa mayankar Oko-Oba a Agege, ya kasance yana da suna ɗaya da lamba ɗaya a duk jihohin da ke hanya, tare da dokar da ta halatta shi. Abin da ba shi cikin jerin nan fashi ne, a kira shi da sunansa. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 sun kafa hukumar haɗin gwiwa ta masu tara kuɗin shiga na tarayya da jihohi, kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka ƙirƙiro a 2024 ba ta da aikin da ya fi wannan gaggawa.

Na biyu, kowane rasit ya nuna wanda ya karɓa, da hukumar da ya karɓa domin ta, da asusun da kuɗin zai shiga. Idan kamfani ne aka ba kwangilar karɓa, kamar yadda jihohi da yawa suke yi, to lambar rajistarsa ta fito a jikin rasit ɗin, don kowane ɗalibi mai waya ya iya duba wane ne a bayansa.

Na uku, duk mai riƙe da muƙami da ya shafi kasuwa, ko na gwamnati ne, ko na sarauta, ko na ƙungiyar fatake ko ta direbobi, ya rubuta alaƙarsa da sana'ar da kalmomin da aka yarda da su: mai kiwo ne, ko falke, ko dillali, ko mai mota, ko ɗan kwangila, kuma a ɗaure sunansa da lambarsa ta ɗan ƙasa don Muhammadu da Mamman su koma mutum ɗaya. Ba a hana kowa neman halalinsa ba. Abin da ake so shi ne ranar da za a yanke hukunci a kan kuɗin tirela, mai tirela ya tashi ya ba da wuri.

Na huɗu, a liƙa lissafin kowace Laraba a ƙofar kasuwa, da boko da ajami, a kuma karanta shi a rediyo: dabba nawa ta shiga, mota nawa ta fita, nawa aka tara. Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mayanka da tashoshin mota, kuma Kotun Ƙoli a watan Yuli na 2024 ta yanke cewa kuɗinsu na tarayya ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye. Wanda ya nemi 'yancin riƙe kuɗi tilas ya karɓi nauyin ba da lissafi.

MASU CEWA A BAR KAZA CIKIN GASHINTA

Za a sami masu cewa bayyana irin waɗannan abubuwa gayyato 'yan fashi da masu satar mutane ne. Wannan tsoro ba na wasa ba ne, domin mutanen Potiskum ba su manta da daren 2 ga Mayu 2012 ba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa kasuwar suka kashe mutum fiye da 30, suka ƙona dabbobi da dukiya. Amma ba wanda ya nemi a buga kuɗin aljihun falke ko lambar gidansa, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 tana nan don hana haka. Abin da ake nema ya tsaya a kan masu riƙe da amanar jama'a da masu cin kwangilarsu. Hasali ma tara tsabar kuɗi a jaka ba rubutu shi ne abin da ya fi jawo ɓarawo.

Wasu kuma za su ce ai mai wayo zai sa sunan yaronsa. Gaskiya ne, zai gwada. Amma ƙaryar da aka rubuta aka sa mata hannu ta zama abin kamawa, kuma doka ta tanadi hukunci a kanta. Ranar da aka karanta a rediyo cewa wane, wanda kowa ya san ko babur ba shi da shi, shi ne mai kamfanin karɓar haraji, 'yan kasuwa da kansu za su cike sauran labarin. Duk wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan wannan tsari, a lura da shi da kyau, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Su ma 'yan Arewa mazauna Kudu akwai tasu wuƙar a wannan nama. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba kowane kuɗi da ake tatsa a kara baƙo ne ke karɓarsa ba. Akwai kuɗin ƙungiya da ake tarawa a kan kowace mota, kuma mai biya yana da hakkin ya san nawa aka tara, wa ke riƙe da shi, kuma shugaban da ke zuwa gidan gwamnati da sunan fatake ko yana da wata hulɗa da masu karɓar harajin da ya je yin ƙorafi a kansa. Shugaban kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, kuma tatsar da ake yi a hanya tana cikin koke-kokenta. Nama ya yi tsada a Ikko, tumatir ya ruɓe a Arewa, a farkon Maris aka janye yajin bisa alkawura. Talaka ne ya ɗauki asarar a ɓangarorin biyu, direbobi kuwa ba su daina kuka da shinge ba. Dalili a fili yake: alkawarin da ba shi da ma'auni ba a iya kama mai saɓa shi. Ƙarfin tsayar da mota ya nuna kansa, saura ƙarfin lissafi.

Saboda haka ya kamata kowace kara, daga Akinyele ta Badun zuwa Ugwuoba ta Inugu, ta buɗe littafi guda mai gurabe iri ɗaya da na 'yan'uwanta. Duk motar da ta sauke kaya a rubuta inda aka tsayar da ita, da sunan kuɗin, da adadinsa, da wanda ya karɓa, a kuma ɗauki hoton rasit. Ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu su ba iyayensu hannu wajen tattarawa. Bayan wata uku za a sami hujjar da ba ta buƙatar ihu. Da ita za a rubuta wa hukumomi a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa, wadda kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2025 cewa ta hau kan jihohi ma. Da ita kuma za a tari duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a Sabo ko a Potiskum, a tambaye shi ko zai sa hannu a kan ƙamus ɗaya ko ba zai sa ba.

Tun fiye da shekara 200 da suka wuce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙ, kuma gwamnatocin Kano da Kaduna sun soke shi tare da haraji a 1979. Jangali na da ko ba komai yana da suna ɗaya, an kuma san fuskar mai karɓa, shi ya sa aka iya yaƙarsa. Na yanzu ya rarrabu gida-gida, ya ɓuya a bayan sunaye barkatai da kamfanonin da ba a san masu su ba. Matakin farko na kawar da shi shi ne a tilasta masa ya amsa suna ɗaya. Allah ya ba talakawa haɗin kai, ya kuma tona asirin masu cin amana.